Moka, butar dannawa ko injin esfireso: wanne ya dace da kicin ɗinka?

Yawancinmu abin da muka taso muka sani shi ne na teburin mai shayi: cokali guda na garin Nescafé, ruwan zafi daga buta, madarar gwangwani, sai sukari har ya kwanta a gindin kofi. Ba laifi, ya raka ɗalibai da direbobin dare ba adadi. Amma duk wanda ya taɓa zama a wani shago a Abuja ko Jidda aka dire masa kafucino mai kumfa kamar auduga, ko aka zuba masa baƙar gahawar Habasha tana ƙamshin fure alhali ba a sa mata komai ba, ya san abin sha biyu ne daban suke amsa suna ɗaya. (Zan riƙa cewa gahawa a nan, don kada kofin da ake sha da kofin da ake zubawa a ciki su rikita mu.) Daga nan sai tambaya ta taso: me zan saya in riƙa yin irin wannan a gida? Kusan kowa kuma idonsa kan injin esfireso yake fara sauka, mai ƙyalli da maɓallai, irin wanda ake gani a bidiyo yana matso 'yar gahawa mai kauri da ƙarfin famfo.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, a mafi yawan gidajenmu injin nan shi ya kamata ya zo ƙarshe a jerin sayayya, in ma zai zo. Abin da zai yanke maka hukunci abu biyu ne: me kake sha, baƙa ko da madara, sannan wace irin wuta kake da ita a gida wadda ba ta yi maka gardama da asuba.

Kafin kayan aiki, ƙwayar kanta. Abin da masana harkar ke kira gahawa ta musamman ita ce wadda ƙwararrun masu ɗanɗano suka ba maki 80 ko fiye cikin 100, kuma kusan kullum irin arabika ce, wadda ke son tudu mai sanyi. Ɗaya irin, robusta, ta fi ɗaci, ta fi juriya a gona, sinadarin kafin (caffeine, mai hana barci) da ke cikinta ya kusa ninka na arabika, kuma ita ce ta fi yawa a gahawar gari mai narkewa. Yirgacefe da Sidama da Harar na Habasha, da tsaunukan Kenya da Ruwanda, duk arabika suke fitarwa. Mu ma ba a bar mu a baya ba: ana noman arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Gembu, inda tudun ya haura mita 1,500. In za ka saya, ranar da aka soya ƙwayar ita za ka duba a jikin leda. Ranar lalacewa ba ta gaya maka komai. Ƙwaya tana kan ganiyarta a makonnin farko bayan suya, garin da aka riga aka niƙa kuwa ƙamshinsa yana tsiyaya tun daga ranar da aka buɗe shi.

Shi ya sa abin niƙa ya fi kowace buta muhimmanci. Iri biyu ne. Akwai mai wuƙa tana juyawa kamar bilenda, wanda ke saran ƙwaya yadda ya ga dama, wani ya zama ƙura wani ya zama tsaki, sai ƙurar ta ba ka ɗaci tsakin ya ba ka tsami a kofi ɗaya. Akwai kuma mai haƙoran ƙarfe biyu da ke murƙushe ƙwaya daidai wa daida, kana iya matse shi ko ka sassauta. Na hannu a wannan irin ba ya neman wuta, kuma giram 15 zuwa 20 bai fi minti ɗaya ba ka gama. Kada dai a kai ƙwayar gahawa injin niƙan unguwa. Gahawa tana ɗaukar warin duk abin da ta raɓa, in ba kana son kafucino mai ɗanɗanon barkono da daddawa ba.

To, mu zo kan butocin.

Tukunyar moka ita ce 'yar butar alminiyon mai kusurwa takwas da Alfonso Bialetti ya fitar a Italiya a 1933, kuma har gobe da wuya ka shiga kicin a ƙasar ba ka gan ta ba. Gida uku gare ta: ruwa a ƙasa, gari a wani ɗan mazurari a tsakiya, sai saman da gahawa ke taruwa. In ta hau wuta, tururi ya tura ruwan zafi sama ta cikin garin. Ƙarfin turawar bai wuce ma'aunin bar 1 zuwa 2 ba, alhali esfireso na gaske bar 9 yake so, don haka duk mai ce maka moka esfireso take yi ya ƙara gishiri. Sai dai abin da take fitarwa mai kauri ne, mai ƙarfi, wanda madara ba ta danne shi, kuma wannan shi ne ainihin abin da kafucino da latte ke bukata. Tana aiki a kan gas, tana aiki a kan risho, har a kan gawayi in ka kula kada zafi ya lashi mariƙinta na roba.

Moka tana da hali, sai ka koya. Mutane da yawa sun saya, sun gwada sau biyu, ta ba su wani abu mai ɗaci kamar maɗaci, sun jefa ta bayan kabad. Laifin kusan kullum na wuta ne. Zuba ruwan da ya riga ya tafasa a gidan ƙasa, don garin kada ya daɗe yana gasuwa kafin ruwa ya iso shi, kuma kada ruwan ya haura ɗan bawul ɗin da ke gefe, domin shi ne mafitar tururi in hanya ta toshe. Cika mazurarin da gari mai laushin gishirin tebur, ka share saman da yatsa, kada ka danna. Wuta kaɗan. Gahawar ta riƙa fitowa a hankali kamar zuma. Da zarar launinta ya fara fari, butar ta fara kurɓe-kurɓe da tofi, sauke ta ka sa gindinta a ruwan sanyi. Wannan ragowar da ke fitowa da hayaniya ita ce uwar ɗaci. Wani abin da masu sayarwa ba sa faɗa: in an rubuta kofi uku a kwali, 'yan finjalai uku ake nufi, duka-duka bai cika kofin shayi ɗaya ba. Kuma ba a cika moka rabi, dole mazurarin ya cika, saboda haka ka sayi girman da za ka riƙa shanyewa. Mai shan shi kaɗai, ta uku ta ishe shi. Mata da miji, ta shida. Zoben robar da ke tsakiya yana tsufa ya fara yoyo, sai a canza, ka tambayi na ajiya tun ranar saye.

Butar dannawa, wadda za ka ga an rubuta French press a kwalinta, ita ce mafi sauƙin kai a cikinsu duka. Duk da sunan Faransa da ta ɗauka, wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, shi ya yi rajistar fasalin da ya haifi na yau a 1929. Tulu ne na gilashi ko ƙarfe da rariya mai sanda. Giram 30 na gari mai tsaki-tsaki, rabin lita na ruwan zafi, minti huɗu. Sai ka motsa ɓawon da ya taso sama, ka kwashe kumfar da cokali, ka ƙara haƙuri na wasu mintoci garin ya kwanta, ka danna a hankali, ka juye duka. In ka bar saura a ciki, zai ci gaba da jiƙa har ya yi bauri. Gahawarta mai jiki ce, tana cika baki, da ɗan laka a gindin kofi. Ita ce ta baƙi, domin babba tana yin lita guda a tashi ɗaya. Aibinta biyu. Na gilashi ba ya daɗewa a gidan da ke da yara, nemi na ƙarfe. Na biyu ya shafi lafiya: rariyar ƙarfe tana barin man gahawa ya wuce, a cikin man nan kuma akwai sinadarin kafestol da ke ɗaga kitsen jini marar kyau ga mai sha da yawa kullum. Takardar tacewa tana tare shi. Wanda likita ya riga ya ja wa kunne kan kwalastarol, ya karkata ga mai takarda.

Amma butar dannawa tana da wani aiki na biyu wanda a ganina shi kaɗai ma ya isa a saye ta: kumfar madara. Zan dawo kansa.

Tacewa da takarda tsohuwar dabara ce. Wata matar aure a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da laka a kofinta, ta huda gindin wani kwanon tagulla ta shimfiɗa takardar tsane tawada daga littafin ɗanta, a 1908 ta yi rajistar abin. Wanda ya fi tashe a yau shi ne mazurarin V60 na kamfanin Hario na Japan, sunan kuma daga siffarsa ya samo shi, harafin V mai buɗewar digiri 60. Giram 15 na gari, ruwa giram 250. Ka fara jiƙa takardar da ruwan zafi ka zubar, ka zuba gari, ka ɗiga ruwa kamar ninki biyu na nauyin garin, ka jira daƙiƙa 30 zuwa 45 yana kumbura yana fitar da iska, sannan ka ci gaba da zubawa a hankali kana zagayawa, komai ya ƙare a wajen minti uku. In ka sayi ƙwayar Habasha mai tsada wadda aka soya sama-sama, nan ne za ka ji abin da ka biya: ƙamshin lemo, na fure, wani lokaci kamar shayi. Babu wata hanya a jerin nan da ke fito da wannan a fili kamar ta.

Sai dai ba ta yafe kuskure. Tana son sikeli, tana son buta mai siririn wuya, tana son niƙa mai kyau, tana son hannunka ya natsu. Takardar kuma ba a kowane kanti ake samunta ba, ranar da ta ƙare ka tsaya. Sannan in ka zuba madara a irin wannan gahawar ka yi asara biyu, ba ka ji gahawa ba, ba ka ji madara ba. Ta masu shan baƙa ce zalla.

AeroPress ƙanwarsu ce, wani injiniya Ba'amurke, Alan Adler, ya fito da ita a 2005. Kamar ƙaton sirinji take, ta roba, ba ta fashewa, ka jiƙa gari minti ɗaya ko biyu ka danna ta cikin 'yar takarda. Ta fi V60 haƙuri da mai koyo nesa ba kusa ba, in ka rage ruwa kuma tana ba da mai kaurin da zai ɗauki madara, ko da yake bai kai na moka ba. Kofi ɗaya take yi. Ga ɗalibi a ɗakin kwana, ko ma'aikacin da kullum yana hanya, ban san wadda ta fi ta ba. Akwai faifan ƙarfe da ake saya a madadin takardar in ana tsoron yankewarta.

Yanzu injin esfireso. Ba na musun abin da yake yi. Tun da Achille Gaggia ya fitar da injinsa mai hannun ja a Milan bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya fara kawo jar kumfar nan da ke kwanciya a saman esfireso, babu wata buta da ta iya kwaikwayonsa. Giram 18 na gari mai laushi, a danne shi sosai, ruwa ya ratsa da ƙarfin bar 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 a samu kamar giram 36 na wani abu mai kauri da zaƙi-zaƙi. Ga kuma bututun tururi da ke mai da madara kamar siliki, irin wadda ake zana fure da ita.

Ga abin da ke biyo baya. Injin yana jan wuta wat 1,000 zuwa 1,500, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, ƙaramar inbata ma haka, kuma ƙarfe shida na safe ba lokacin da za ka dogara da wutar layi ba ne. Wutar da ke hawa da sauka tana kashe na'urorin cikinsa. Ruwan burtsatse mai yawan farar ƙasa yana toshe bututunsa, sai ka riƙa wanke shi da magani a kai a kai. In ya lalace, mai gyaran da ya san cikinsa da kayan gyaran duk sai an tona. Mafi girma kuma, esfireso ba ya yiwuwa sai da abin niƙa na musamman wanda sau da yawa kuɗinsa ya kai na injin ko ya fi. Masu arha da ake rubuta wa bar 15 ko bar 20 da manyan haruffa, wannan iyakar ƙarfin famfon ne kawai, ba alamar inganci ba. Da yawansu suna zuwa da kwandon gari mai ɓoyayyen rami ɗaya wanda ke kaɗa gahawa ta yi kumfa ko da garin ya kwana wata shida. Ido zai ga esfireso, harshe ba zai yarda ba. Masu amfani da kwanso, irin Nespresso da kamfanin Nestlé ya ƙaddamar a 1986, sun kawar da wahalar koyo gaba ɗaya: sa kwanso, danna maɓalli. Amma kowane kwanso gari giram biyar zuwa shida ne kacal a ciki, daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma ka ɗaure kanka da shi muddin injin na raye.

Wanda ke da sola mai ƙarfi, yana shan kofi biyu ko uku na madara kullum, kuma yana jin daɗin zama ya yi ta gwaji kamar mai kiwon tantabara, ya saya, zai more. Wanda kawai yake son kafucino mai daɗi kafin ya fita aiki, ga hanya mafi kusa.

Ɗora moka a wuta. Kafin ta gama, ɗumama madara a ƙaramar tukunya har ta kai zafin da yatsa ba zai iya daɗewa a jikin tukunyar ba, wato digiri 60 zuwa 65. Kada ta tafasa. In ta haura 70 zaƙinta yana gudu, ta ɗauki ɗanɗanon dafaffiya, kumfar ma ba ta tsayawa. Juye ta a butar dannawa, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tulun, ka yi ta ɗaga sandar kana dannawa da sauri. Bugu uku ko huɗu na farko ka fito da rariyar sama da madarar don iska ta shiga, sauran ka yi su a ciki don manyan kumfa su farfashe. Cikin rabin minti ta kusa ninka kanta. Buga gindin tulun a tebur, ka juya shi, ka zuba a kan gahawar. Kumfa mai yawa a ƙaramin kofi, kafucino ke nan. Madara mai yawa da kumfa kaɗan a babban kofi, latte. Madarar gari mai cikakken mai, in an dama ta da ɗan kauri, tana kumfa fiye da yadda mutane ke zato. Ta gwangwani tana ba da ɗanɗano mai nauyi amma kumfarta ba ta kai ba. Nono da kindirmo kuwa a bar su wa fura, zafi da tsamin gahawa za su tsinka su nan take.

Ruwan zaƙi mai ƙamshi da shaguna ke sayarwa a kwalba, wanda ake ɗigawa a latte, ba sai ka saya ba. Sukari kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, ɗanyar citta da aka daddaka, kirfa, kanumfari biyu ko uku, a tafasa minti biyar a tace. Kanumfari yana da mulki, in ya yi yawa shi kaɗai za ka ji.

Lokacin zafin Maris da Afrilu, butar dannawa tana da aiki na uku. Gari mai tsaki kashi ɗaya, ruwan sanyi kashi takwas, a sa a firji awa 12 zuwa 18, a danna a juye. Abin da za ka samu ba shi da ɗaci sosai, tsaminsa kaɗan ne, kuma mai ƙarfi ne, sai an sirka da ruwa ko madara da ƙanƙara. In firjinka ba abin dogaro ba ne, kada ka bar jiƙo yana kwana a ɗakin da ke tururi. Yi moka, ka zuba a kan madara mai kauri mai zaƙi cokali biyu, ka juye a kan ƙanƙara. Haka mutanen Biyetnam ke shan tasu, da robusta ma kuwa, kuma wannan ita ce hanya ɗaya da robusta ke fin arabika daɗi a bakina.

Akwai hanyar da ta girme duk waɗannan, kuma 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, na Mai Wurno da Gadarif da Kasala, sun san ta sarai: jabana. A soya ɗanyar ƙwaya a kan gawayi nan take, a daka a ɗan turmi, a dafa da citta, a juye a tulun yumɓu mai dogon wuya wanda aka cusa wa zaren kaba a baki don tacewa. A Habasha ana zagaye uku da gari ɗaya, abol da tona da baraka, kowane ya fi na gabansa sauƙi. Alhazai kuma sun san ta Saudiyya, wadda ake soya ƙwayarta sama-sama har launin ruwan ya zama kamar na shayi, da hel (ɗan ƙamshin nan, cardamom) a ciki, a zubo daga butar da suke kira dalla zuwa finjali, ga dabino a gefe. Waɗannan ba sa neman takarda, ba sa neman wutar lantarki, turmi ma ya wadatar domin ba a damu da daidaiton niƙa ba. Abin da suke nema lokaci ne da abokan zama. Ba ta mai sauri ba ce, kuma kayan ƙamshin suna rufe bambancin ƙwaya mai tsada da mai arha, don haka kada ka ɓata Yirgacefe a ciki.

Ruwa kuma, kowace ka zaɓa. Wanda bai yi maka daɗin sha ba, ba zai yi daɗin gahawa ba. Zafin da ake so digiri 90 zuwa 96 ne, wato in ya tafasa a Kano ko Zinder ka ba shi rabin minti ya huce. Mutanen Jos sun huta, tudunsu ya sa ruwa yana tafasa a wajen 96, daga wuta sai kan gari. A kuma riƙa lissafi: abin da hukumomin lafiya ke ba babban mutum mai lafiya shi ne kada ya wuce miligiram 400 na sinadarin kafin a yini, mai juna biyu 200. Moka ƙarama ce a ido, amma shanye ta shida kai kaɗai da la'asar yana nufin kai da barci sai wajen asuba.

Da a ce yau zan fara daga babu, ga yadda zan kashe kuɗina. Abin niƙa na hannu mai haƙoran ƙarfe da ƙwaya sabuwar suya, su ne farko. Sai butar dannawa ta ƙarfe, domin da ita kaɗai ina da baƙar gahawa, ina da mai sanyi, ina da kumfar madara. In na ga madara na fi so, wata mai zuwa in ƙara moka. In na ga baƙa ce ta kama ni, har na fara bambance ta Kenya da ta Habasha, sai in ƙara V60 da ɗan sikeli, in sayi takarda fakiti biyu a tashi ɗaya.